Fastocin Neman Sojojin Fasaha a Zamanin Yaƙi: Tambayoyi da Amsoshi

In aka ce fostar ɗaukar soja, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne dattijon nan mai doguwar hula da farin gemu, yana nuna mai kallo da yatsa. Sai dai a yaƙe-yaƙen duniya guda biyu an buga wasu fastocin masu ɗimbin yawa da ba su yi irin wannan sunan ba: na neman kanikawa, masu walda, masu gyaran rediyo, direbobi, magina da masu aikin lantarki. Ga amsoshin tambayoyin da ɗaliban zane da masu bibiyar tarihin soja suka fi yi a kansu.

Mene ne bambancin fostar neman masu fasaha da fostar ɗaukar soja da aka saba gani?

Wadda aka saba gani bashi take bin mutum. Cewa take ƙasarka ta raine ka, yau ranar biya ta zo. Haka zanen Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya, yake, wanda Alfred Leete ya yi wa bangon mujallar London Opinion ta 5 ga Satumba 1914, fuska a murtuke, yatsa a miƙe. Haka ma Uncle Sam, dattijon nan mai doguwar hula da ke wakiltar Amurka, na James Montgomery Flagg, da aka buga kusan kwafi miliyan 4 tsakanin 1917 da 1918. Ta Savile Lumley ta 1915 kuwa da kunya ta yi aiki: yarinya zaune a cinyar mahaifinta tana tambayarsa rawar da ya taka a babban yaƙin, shi kuma ya rasa bakin magana.

Fostar fasaha ciniki ta zo yi. Ka ba mu ƙuruciyarka da hannunka, mu ba ka sana'a da albashi da igiya a hannun riga. Wannan sauyin manufa kaɗai ya juya tsarin zanen gaba ɗaya. Yatsan da ke nuna ka ya koma hannu riƙe da sifana. Idon da ke zare maka ya sunkuya a kan injin. Tuta ta ja baya ko ta ɓace, farfela da eriya da sarƙar tanka suka matso gaba. Rubutu ma ya ƙaru, domin mai ciniki sai ya ji sharuɗɗa: 'yan shekara nawa ake ɗauka, wace sana'a za a koyar, nawa ake biya, ina ofishin yake.

Me ya sa sai an yi musu kira na daban? Ba kowane kurtu za a iya koya wa ba?

Lokaci ne matsalar. Sojan ƙasa mai bindiga, cikin 'yan watanni an gama horar da shi an tura shi fagen daga. Wanda zai kwance injin jirgin sama ya mayar da shi daidai kuwa, ba a yin sa da gaggawa. Da Hugh Trenchard ya kafa tsarin koyon sana'a na rundunar sojan saman Birtaniya a 1920, shekara uku cur yaran da aka ɗauka suke yi suna koyo, makarantar Halton ce ta fi shahara a ciki. Frank Whittle, wanda daga baya ya ƙirƙiro injin jet a Birtaniya, ta wannan ƙofar ya shiga a 1923, bayan an fara mayar da shi gida saboda ƙanƙantar jiki. Yaƙi ba ya jiran shekara uku. Dole a nemo wanda ya riga ya iya, ko mai kan lissafi da zai kama da wuri.

Birtaniya ta sha wuya kafin ta gane haka. A 1914 ƙwararrun ma'aikatan masana'antu sun amsa kiran Kitchener tare da kowa, suka tafi ramukan yaƙi a Faransa. Da ƙarancin harsasan igwa ya tsananta a 1915, sai da aka dawo da wasunsu bakin injinansu. Shi ya sa a 1939, tun kafin yaƙi na biyu ya ɓarke, aka fitar da jerin sana'o'in da masu su ba za su bar aiki su shiga soja yadda suka ga dama ba. Duk da haka, kwamitin da William Beveridge ya jagoranta a 1941 ya gano cewa rundunar ƙasa tana almubazzaranci da ƙwararrun da ke hannunta, sai ka ga gwanin injin yana aikin da kowa zai iya yi. Rahoton nasa na cikin abin da ya kai ga kafa REME, rundunar injiniyoyin lantarki da kanikanci, ranar 1 ga Oktoba 1942.

Ke nan fostar fasaha aikin rariya take yi. So take wanda ake nema ya tsaya ya ce da ni ake, sauran jama'a su wuce abinsu.

Yaushe aka fara yin irinsu?

A yaƙin duniya na farko, lokacin da injin ya shigo fagen daga da ƙarfi. An fara amfani da tanka a yaƙin Somme cikin Satumba 1916, rundunar sojan saman Birtaniya kuma ta tsaya da ƙafarta ranar 1 ga Afrilu 1918. Kowane sabon sashe ya buƙaci mutanensa da fostarsa. Ta rundunar tankokin Amurka, wadda August Hutaf ya zana, baƙar kyanwa ce ta fito da farce tana tsalle a kan tankoki cikin wuta. Har lokacin jarumta ake sayarwa.

Cinikin ya fito fili ne bayan an tsagaita wuta. A 1919 babu abokin gaba da za a tsoratar da mutane da shi, sojoji kuma kowa na ɗokin komawa gida. Sai sassan rundunar Amurka irin na sufurin motoci, na kula da makamai da na jiragen sama suka shiga buga fastoci masu cewa zo ka koyi sana'a, kana koyo ana biyan ka. Harshen da aka gina a wannan ɗan tsakanin shi aka ɗauko aka faɗaɗa a yaƙi na biyu.

To in doka ta tilasta wa maza shiga soja, ina amfanin fosta?

Tambaya ce mai kyau, domin Birtaniya ta kafa aikin soja na dole a 1916 ta sake a 1939, Amurka kuma a 1917 da 1940. Doka tana kawo mutum, amma ba ta san abin da ya iya ba. Fosta ita ke ce wa saurayi ya zaɓa tun kafin a zaɓa masa: in ka zo da ƙafarka yau, ka shiga sashen rediyo, in ka jira takarda, duk inda aka jefa ka nan za ka faɗa. Sassan soja ma gasa suke yi da juna a kan samari masu kai, na ruwa na ƙoƙarin riga na ƙasa.

A Disamba 1942 Shugaba Roosevelt ya rufe ƙofar shiga soja don raɗin kai ga maza 'yan shekara 18 zuwa 37. Daga nan ƙarfin kiran ya karkata ga waɗanda dokar ba ta rufe musu ƙofa ba, wato 'yan shekara 17, manya da suka haura 37, da mata. Wanda ya lura da fuskokin da ke kan fastocin Amurka daga 1943 zai ga mata sun yawaita ƙwarai.

Ta yaya mai zane ke mayar da bakanike jarumi?

Nan gizo ke saƙar. Saurayi ɗan shekara 18 mafarkinsa ya zama matuƙin jirgi, ba mai goge wa jirgin fulogi ba. Aikin mai zane shi ne ya sa wanda ke ƙasa da baƙin mai a hannu ya yi kwarjinin da zai kamo na wanda ke sama.

Dabarar da ta fi yawa ita ce zana mutumin kamar mai kallo yana durƙushe yana ɗago kai. Kafaɗa ta faɗaɗa, kai ya taɓo gajimare, jirgin da ke bayansa ya zama nasa. Sannan a jefo haske daga gefe guda, ya kwanta a kan damtse da ƙarfe, su yi sheƙi iri ɗaya. McClelland Barclay, wanda ya zana wa sojan ruwan Amurka fastoci da dama, gwanin wannan ne. Ma'aikatan jirginsa duk ƙarfafa ne, jijiya a miƙe, suna cusa harsashi a bakin igwa.

Wasu kuma sun jefar da fuskar ɗungurungum suka bar hannu. Misalin da ya fi fice shi ne na Jean Carlu, Bafaranshen da yaƙi ya rutsa da shi a Amurka: hannu cikin safar aiki, riƙe da ƙatuwar sifana, yana murɗa ɗaya daga cikin haruffan rubutun a matsayin noti. Fostar ƙarfafa ma'aikatan masana'antu ce, ba ta ɗaukar soja ba, amma ta nuna yadda hannu da kayan aiki kaɗai za su iya ɗaukar nauyin saƙo. Abin sha'awa, Carlu kansa ya rasa hannunsa na dama a hatsari tun yana saurayi, da hagu ya koyi zane. Amfanin cire fuska shi ne kowa na iya saka tasa a wurin.

Akwai kuma ɗaure bakanike da mayaƙi da igiya ɗaya. Matuƙi na hawa jirgi, bakanike na ɗaga masa babban yatsa. Taken rundunar saman sojan Amurka na lokacin ma cewa yake a tabbatar jiragen sun ci gaba da tashi, kalma ce da ta fi dacewa da bakin masu gyara fiye da na matuƙa. Tambarin Seabees, rundunar magina ta sojan ruwan Amurka da aka kafa a 1942, ya haɗa komai a wuri ɗaya cikin raha: ƙudan zuma sanye da hular sojan ruwa, ya fusata, ƙafafunsa riƙe da bindiga, sifana da guduma. Frank Iafrate ne ya zana shi. Su Seabees ba yara ake nema ba, gogaggun kafintoci da masu tuƙa katafila ake so, har matsakaicin shekarun na farkonsu ya kai 37, ana kuma ba mutum muƙami gwargwadon gogewarsa a sana'a. Irin waɗannan ba a yi musu romon baka. Nuna musu ake yi an san darajar abin da suka iya.

Wurin da nake ganin yawancin masu zanen suka kasa shi ne datti. Rigar aiki fes, hannu fes, sifana tana walƙiya. Duk wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin mota ya san ƙarya ce, kuma shi ne ainihin wanda ake nema.

Wanne ya fi aiki, zane mai alama ko hoto mai kama da gaske?

An yi jayayya sosai a kan wannan. Gefe guda akwai masu ra'ayin zamani irin Abram Games na Birtaniya, wanda aka ciro daga cikin ƙananan sojoji a 1941 aka sa shi zana wa Ma'aikatar Yaƙi fastoci, ya yi kusan 100. Ƙa'idarsa ita ce ma'ana mafi yawa da kayan aiki mafi ƙanƙanta. Yakan fara zanen ɗan mitsitsi, a kan cewa ra'ayin da bai yi aiki yana ƙarami ba, ba zai yi don an hura shi ba.

Ɗaya gefen kuma 'yan kamfanonin talla ne na Amurka. A 1942 kamfanin Young & Rubicam ya binciki yadda mutanen Toronto ke fahimtar fastocin yaƙi, ya ba da shawarar a riƙa yin hoto mai kama da gaske mai taɓa zuciya, a guji alamu masu wuyar ganewa. Wata fostar Carlu ta ba su hujja. Ya zana soja da bindiga mai jigida gefe da gefe da ma'aikaci riƙe da na'urar buga ƙusa, don nuna cewa aikinsu ɗaya. Da aka tambayi ma'aikatan masana'antu, da yawa suka ɗauka ma'aikacin nan ɗan daba ne riƙe da bindiga. Ofishin yaɗa labaran yaƙi na Amurka, da aka kafa a Yuni 1942, daga baya ya karkata ga 'yan talla.

A fagen neman masu fasaha, ni ina ganin kowanne da muhallinsa. Alama ce ke tsayar da mai wucewa. Amma in aka zo kan injin, dole a zana shi daidai, domin wanda ya san injin zai ƙirga silinda.

Rubutu nawa ya kamata fosta ta ɗauka?

Fastocin da suka yi kyau hawa uku suke da shi. Akwai abin da za a karanta daga tsallaken titi: kalma biyu zuwa biyar, galibi umarni. Akwai abin da za a karanta in an matso: jerin sana'o'i da alkawarin horo. Sai ƙananan haruffa na can ƙasa, ga wanda ya riga ya tsaya: shekaru, albashi, adireshi. Fostar Uncle Sam ma an bar fili a ƙasanta don kowane ofishi ya rubuta nasa adireshin.

Wurin mannawa ne ke yanke yawan rubutun. Ta bakin titi ba ta ɗaukar surutu. Ta cikin gidan waya, tashar jirgin ƙasa ko makarantar koyon sana'a, inda mutane ke tsaye suna jira, tana iya ɗaukar jerin sana'o'i masu tsawo. Girman da Birtaniya ta fi bugawa inci 20 ne a faɗi, 30 a tsaye; a Amurka an yi ta buga inci 22 da 28, da kuma 28 da 40.

Haruffa kuwa marasa ƙawa aka fi so, masu kauri, a tsaye ƙyam, dangin Futura na 1927 da Gill Sans na 1928, ko da yake manyan kalmomin da hannu mai zanen ke rubuta su. Irin waɗannan haruffa kansu ƙamshin injin suke yi, ido na ganinsu ya san maganar zamani ake.

Me ya sa launukansu ba su da yawa?

Saboda yadda ake bugu. Yawancinsu da fasahar lito aka buga su, wadda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 18, mai dogaro da ƙin jinin da ke tsakanin mai da ruwa. Kowane launi da farantinsa, kowane faranti kuma sai takardar ta sake bi ta cikin injin. Ƙarin launi ɗaya na nufin ƙarin kuɗi, tawada da lokaci, ga shi an taƙaita rabon takarda a Birtaniya tun 1940. Gwanin mai zane shi ne mai ɗora launi a kan launi ya samo na uku kyauta, ya kuma bar farin takardar ya zama haske. Games ya ƙware da ɗan bututun fesa fenti da iska, wanda ke ba da inuwa mai laushi da ta dace da sheƙin ƙarfe. Inda kwafi kaɗan ake so, sai a yi bugun siliki, wato a matsa tawada ta ratsa lallausan yadi ta sauka a kan takarda.

Yaya ake tallar aikin da yake sirri ne, kamar na rada?

A kaikaice. Na'urar rada, mai hango jiragen sama tun daga nesa, ita ce ta taimaka wa Birtaniya a yaƙin sararin samaniya na 1940, kuma tana buƙatar dubban masu gyara da masu lura da allo. Amma ba a iya zana ta, ba a iya ambaton ta. Don haka tallar ta tsaya a kan rediyo: ana neman masu gyaran rediyo, masu sha'awar haɗa rediyo a gida, masu ilimin lissafi da kimiyyar lantarki. Mai zane sai ya koma ga alamun da ba su tona komai, irin su walƙiya, da'irori masu bazuwa daga eriya, da abin sauraro a kunne. Sai a Yuni 1941 gwamnatin Birtaniya ta amince a fili cewa tana da irin wannan fasaha, kuma neman ƙarin ma'aikata na cikin dalilan yin hakan. Kanada ta aika dubban samari wannan aiki, an kuma buɗe makarantarsa a Clinton cikin lardin Ontario. Da yawansu sai bayan sun yi rantsuwar riƙe sirri suka san abin da aka ɗauke su yi.

Sojan ruwan Amurka ya bi ta hanyar jarrabawa, wadda aka fi sani da sunan William Eddy, jami'in da ya jagoranci shirin daga Chicago. Tana gwada lissafi, kimiyya da tushen lantarki, kuma ta yi suna wajen tsauri. Tsaurin kansa ya zama talla. Babu abin da ke jan saurayi mai ji da kansa kamar a ce masa ba kowa ke ci ba.

Mata fa, yaya aka zana su?

Nan masu zane suka taka ƙaya. A Birtaniya, rundunar mata ta sojan ƙasa, ATS, an kafa ta a 1938, ta sojan sama, WAAF, a 1939, a Amurka kuma WAAC da WAVES a 1942. Matan sun yi aikin fasaha na gaske: gyaran injin jirgi, naɗe laimar sauka, lura da allon rada, tuƙi, koyar da matuƙa a na'urar kwaikwayon tashi. A rukunonin igwar kakkaɓo jirage na Birtaniya su ke sarrafa na'urorin auna nisa da tsawo, ko da yake ba a yarda su harba ba. Gimbiya Elizabeth kanta ta shiga ATS a 1945 ta koyi tuƙi da gyaran mota.

Fostar kuwa mutum biyu take yi wa magana lokaci guda, budurwar da iyayenta. Budurwa na son ta ga kaki ba zai kashe mata kyau ba, iyaye na son su ga tarbiyya ba za ta zube ba. Fostar ATS ta farko da Games ya zana a 1941, ta wata budurwa mai gashi ruwan zinariya da jan baki, ta ja hankali ƙwarai, amma aka yi ƙorafi a majalisa cewa kwalliyar ta yi yawa, aka janye ta. Taken rundunar mata ta sojan ruwan Birtaniya kuma ya fito da ainihin lissafin: ki shigo, ki saki namiji ya tafi teku. Wato aro ake yi, kafin maza su dawo. A ganina fastocin da suka fi mutunta matan su ne waɗanda suka nuna su idonsu a kan aiki, ba a kan mai kallo ba.

Matar nan mai ɗaure da jan ɗankwali tana nuna damtse, ita ma ta ɗaukar aiki ce?

A'a. J. Howard Miller ne ya zana ta wa kamfanin Westinghouse, aka manna ta a cikin masana'antunsa na mako biyu a Fabrairu 1943, don ƙarfafa waɗanda suke aikin tuni. Sai a shekarun 1980 ta yi sunan da take da shi yanzu.

Tarayyar Sobiyet da Jamus ma sun yi irin wannan?

Sun yi, amma tun kafin yaƙi suka fara, kuma ta ƙungiyoyin matasa. Ƙungiyar Osoaviakhim da aka kafa a Tarayyar Sobiyet a 1927 ta koya wa matasa tuƙin jirgi, saukar laima, harbi da aikin rediyo. Mai zane Gustav Klutsis ya yi irin fastocin da ya shahara da su, na haɗa hotunan kyamara da aka yayyanka, fuskokin matasa manya-manya a ƙarƙashin garken jirage. Gwamnatin da ya yi wa hidima ita ta kashe shi a 1938. A Jamus, yarjejeniyar Versailles ta hana ƙasar mallakar rundunar sama, sai aka ɓuya a bayan kulob-kulob na jirage marasa injin har zuwa 1935. Ƙungiyar matasan Hitler tana da sassa na musamman na jirgin sama, na ruwa, na motoci da na sadarwa. Alkawarin sana'a don amfanin kai bai yi ƙarfi a fastocin ƙasashen biyu ba kamar a na Amurka. Ƙasa da jam'iyya aka sa a gaba.

Shin alkawuran da ke kan fastocin an cika su?

Wasu an cika. Mutane masu yawa sun fito daga yaƙi da sana'ar da suka ci abinci da ita har tsufa, masana'antar talabijin da ta lantarki ta bayan yaƙi kuma ta kwashi waɗanda soja ya horar.

Amma soja ba ya ɗaure kansa da abin da ya rubuta a bango. A ƙarshen 1942 rundunar ƙasa ta Amurka ta buɗe shirin ASTP, ta tura samari masu hazaƙa jami'o'i fiye da 200 su karanta injiniyanci, likitanci da harsuna. A farkon 1944, da aka ga ana ƙarancin mayaƙa gabanin mamayar Turai, aka rushe mafi yawan shirin, aka kwashe kimanin 110,000, da yawansu suka tsinci kansu a rundunonin masu bindiga. Ta leƙo ta koma.

Ga kuma wariyar launin fata. Har zuwa 1942 baƙar fata in ya shiga sojan ruwan Amurka, aikin kicin da hidimar hafsoshi kawai ake ba shi. Doris Miller, baƙar fata wanda ya kama bindigar kakkaɓo jirage a harin da Japan ta kai Pearl Harbor ba tare da an taɓa horar da shi a kanta ba, an sa hotonsa a fosta a 1943, a shekarar kuma ya rasu a teku yana matsayin kuku. An horar da baƙaƙen kanikawan jirgi a sansanin Chanute da ke Illinois tun 1941, amma a ware. Sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a soja.

Haɗari ma ba a zana shi. Filin jirgi da jirgin ruwa duk abin hari ne, mai sifana na mutuwa kamar mai bindiga. Barclay kansa ya ɓace a teku a Yuli 1943, lokacin da aka nutsar da jirgin da yake ciki a tsibiran Solomon.

Ina ake ganin waɗannan fastoci yanzu, kuma yaya ake gane ta asali?

Manyan taskokin su ne Imperial War Museum da National Army Museum a Landan, da Library of Congress a Washington, da Hoover Institution a Jami'ar Stanford. Sun ɗora da yawa a intanet, ana iya nema da sunan mai zane ko na runduna.

Mai son saye ya fara duba ƙasan takardar. Ta gwamnati galibi tana ɗauke da layin ƙananan haruffa mai sunan maɗaba'a ko hukumar da ta ba da aikin, wani lokaci da shekara da lamba. Ya auna girman ya gwada da wanda taskoki suka rubuta, domin masu kwafi sukan sauya shi. Takardar asali siririya ce mai araha, ba a yi ta don ta daɗe ba. Alamar ninki ba aibi ba ce, musamman a fastocin Amurka na yaƙi na biyu, tunda a ninke ake aika su ta gidan waya. Wadda ba ta da ninki ko kaɗan ita ce abar tambaya. Madubin ƙara girma zai nuna bambancin shimfiɗaɗɗiyar tawadar lito da feshin na'urar bugu ta zamani. Liƙa fosta a kan yadi kuwa hanyar adanawa ce da masu tarawa suka saba, ba ta tabbatar da asali, ba ta kuma kore shi.

Wanda ke son sake buga wata a littafi ko a riga, ya tambayi taskar da ke riƙe da ita. Aikin da ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ya yi a bakin aiki ba shi da haƙƙin mallaka, amma wanda kamfani ko mai zane mai zaman kansa ya yi yana iya kasancewa da shi har yau.